Masu ƙirga tsuntsaye a Nguru da madatsar Tiga

Wanda ya yi damina biyu a Iyana Ipaja ba sai an ba shi labarin Aboru ba: ruwan sama na awa uku, washegari sai katifu a kan katanga. Mutanenmu na kasuwar shanu ta Kara su ma sun san abin da ke biyo baya idan aka saki ruwan madatsar Oyan, kogin Ogun ya dawo neman tsohuwar shimfiɗarsa. Yawancin wuraren nan fadamu ne aka cike aka yi gini. Akwai doka a ƙasar nan da ta ce kafin a taɓa irin wannan wuri da babban aiki sai masana muhalli sun auna abin da zai biyo baya. Abin da ke faruwa idan ba a auna ba kuwa, a gida Arewa muka gan shi, tsakanin Haɗejiya da Nguru da Gashuwa.

Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya. Idan ya wuce garin Haɗejiya sai ya shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai jigayi, ya rarrabu, ya malala. Kogin Jama'are da ke tasowa daga tsaunukan Jos shi ma haka yake yi, sai su haɗu wajen Gashuwa su zama Komadugu Yobe, ya nufi tafkin Chadi. Wannan malala ta watan Agusta da Satumba ita ce dukiyar yankin. Manomi ya shuka shinkafa kafin ruwa ya iso, idan ya janye ya bi danshi da wake da tattasai. Masunta na Bade da na Haɗejiya su kama kifi su yi banda, Fulani su sauko da shanu da rani, mata su yanki kaba. Kafin a fara datse kogunan, ruwan kan rufe hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekara mai kyau.

A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano. Kada a yi wa mutanen lokacin rashin adalci. Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ya raba mutane da garuruwansu, duk mai mulki a lokacin tunaninsa yadda zai tare ruwa ne. Kuma madatsar ta yi aiki: noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure daga gare ta yake, tumatirin da ake saukewa a Mile 12 da yawansa ruwan Tiga ya sha. Abin da ba a yi ba shi ne tambayar me zai sami mutanen da ke can ƙasan kogi. Babu dokar da ta tilasta a tambaya. Amurka kanta sai a 1970 ta fara irin wannan doka, yarjejeniyar kare dausayi ta duniya kuma a 1971 aka ƙulla ta a garin Ramsar na ƙasar Iran. A 1992 aka ƙara madatsar Challawa kusa da Ƙaraye. Zuwa wannan lokaci malalar ta koma hekta 70,000 zuwa 100,000. Fari ya ci nasa rabon, madatsu sun ci nasu.

Wani abin mamaki, waɗanda suka fara auna ɓarnar ba don mutane suka zo ba, don tsuntsaye suka zo. Da sanyi ya shiga Turai, agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa kan ƙetare Sahara, kuma dausayin Nguru na cikin wuraren farko da suke samun ruwa. Suna tarar da 'yan gida irin su dinya da zalɓe da balbela. An rubuta fiye da nau'in tsuntsu 300 a yankin. Da ƙungiyoyin Turai suka ga masaukin baƙin nasu na bushewa, sai a 1987 aka kafa shirin kare dausayin Haɗejiya da Nguru, da hannun IUCN da ƙungiyar RSPB ta Ingila da gidauniyar NCF ta Najeriya, ofishinsa a Nguru. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarci tafkin Dagona a ƙasar Bade.

Aikinsu na yau da kullum ba shi da wani armashi. A watan Janairu su shiga kwalekwale da tabarau mai hangen nesa su ƙirga tsuntsaye tafki bayan tafki. Idan malala ta cika su tashi a ƙaramin jirgin sama su zana iyakar inda ruwa ya kai. Su auna zurfin rijiyoyi. Ni kaina na daɗe ina ganin wannan aikin marasa abin yi ne, ana fama da yunwa wani yana ƙirga agwagi. Amma tsuntsun ruwa ma'auni ne. Inda ya daina sauka, kifi ya riga ya tafi, ciyawar shanu na biye. Kuma in ba a yi ƙidaya shekara da shekara ba, babu abin da za a ɗora a teburin gwamnati sai koke, koke kuwa kowa na da nasa.

Ba a jima ba suka gane cewa ba za a ceci tsuntsu a bar manomi ba. Sai suka kawo masana ruwa da na tattalin arziki. A 1993 aka buga littafi kan dausayin wanda G. E. Hollis da W. M. Adams da Muhtari Aminu-Kano suka tace. Shi wannan ɗan Kano daga baya ya shugabanci NCF a nan Legas. Lissafin da ya fi tayar da ƙura na Edward Barbier ne da abokan aikinsa. Sun ɗauki noma da su da itacen girki kawai na fadama, suka kwatanta da amfanin noman rani na kogin Kano. Idan da hekta aka auna, tazarar ba ta da yawa, ko da yake fadama ce a gaba. Idan kuwa da yawan ruwan da kowanne ya sha aka auna, ribar fadama ta ninka ta noman madatsa fiye da sau 100. Ba su ma sa kiwo a lissafin ba, ba su sa ruwan da malala ke ɗura wa rijiyoyi ba. Shawararsu ba a rushe Tiga ba ce. Cewa suka yi a riƙa sakin ruwa da damina gwargwadon yadda kogi ya saba, a kuma yi hattara da sabbin madatsu.

An saurara, amma rabi da rabi. Madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, wadda aka fara zamanin Shagari aka tsayar, aka sake tayarwa zamanin Babangida aka sake tsayarwa, har yau ba a gina ta ba. Kuɗi na cikin dalilai, amma duk lokacin da maganar ta taso daga Bauchi, mutanen Yobe da Borno alƙaluman masanan nan suke ɗagawa. Sakin ruwa kuwa ya zo a karkace. Maimakon malala da damina da bushewa da rani, sai kogin Haɗejiya ya koma gudu duk shekara saboda ruwan da ake saki don noman rani. Hanyoyin ruwa da ba sa bushewa suka zama gidan ciyawar kacalla. Ta toshe wasu rassan kogin, laka ta taru, ruwa ya karkata zuwa mashigar Marma ya riƙa cin gonaki wajen Nguru, alhali mutanen Gashuwa na jiran abin da bai iso ba. Jan baki kuma ya sami wurin kwana a cikin kacallar, yana fitowa ya cinye gero da shinkafa. Wuri guda, wani na kukan ambaliya wani na kukan fari. A 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin Ramsar, wuri na farko a Najeriya. A 2006 gwamnonin Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato suka amince a Damaturu da asusun haɗin gwiwa don kula da kogunan. Kacalla dai tana nan.

Dokar da na ambata a farko ba dausayi ne ya haife ta ba. A 1988 aka gano an jibge sharar guba daga Italiya a garin Koko, wanda ke jihar Delta a yau. Kunyar abin ta sa gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA a shekarar, sannan a 1992 ta fitar da Doka ta 86 wadda ta wajabta binciken tasirin manyan ayyuka, abin da ma'aikata ke kira EIA. A shekarar da aka gama Challawa ke nan. Daga nan aikin da aka yi a Nguru bayan ɓarna ya zama sana'ar da ake yi kafin a fara: mai aiki ya ɗauki kamfanin masana, su auna ruwa da ƙasa, su rubuta dabbobi da tsirran wurin, su faɗi inda za a kauce wa, da abin da za a gyara ko a biya.

Raunin tsarin a fili yake, mai aikin ne ke biyan masanan. Masu ƙidayar Nguru ba mai madatsa ne ya ɗauke su ba, shi ya sa suka faɗi abin da ba a so ji ba. A Legas, inda ake cike bakin ruwa da yashi daga Lekki har Isheri, abin da aka keɓe a fili shi ne hekta 78 na gandun NCF da aka kafa a Lekki a 1990, yanzu gidaje sun kewaye shi. Abin da doka ta bar wa talaka shi ne kwana 21 na aiki da ake ajiye rahoton a ofisoshin gwamnati, har da sakatariyar ƙaramar hukumar da aikin ya shafa, a sanar a jarida, kowa ya karanta ya rubuta ƙorafinsa. Rahoton da Turanci yake, yana da kauri. Babin da ya fi shafar mai shago ko mai turke a bakin fadama shi ne wanda ya nuna ta inda ruwa zai bi bayan an cike wurin, da sunan wanda zai riƙa dawowa yana dubawa idan an gama gini.