Sifawa

Sifawa gari ne na manoma a ƙaramar hukumar Bodinga ta Jihar Sakkwato, kudu maso yamma da birnin Sakkwato, dab da garin Bodinga. Matafiyin da ya ɗauki hanyar Sakkwato zuwa Shagari da Tambuwal zai iya wuce yankin bai ko waiga ba, alhali a nan ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi zaman kusan shekara biyar yana jagorancin daular da jihadi ya kafa.

Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, sannan jama'arsa ta kafa sansani a Gwandu a 1805. Da Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, ƙurar yaƙi ta ɗan lafa, sai Shehu ya tashi daga Gwandu ya sauka Sifawa wajajen 1810. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Bodinga, ɗansa Muhammadu Bello kuwa yana can yana gina Sakkwato.

Zaman Sifawa zama ne na tawada da alƙalami. Shehu ya sakar wa Abdullahi da Bello harkar mulki ta yau da kullum, ya koma ga abin da ya fi so tun yana Degel, wato karantarwa da rubutu. Almajirai da malamai suka riƙa tururuwa daga nesa, masu ƙara suna kawo koke, masu neman fatawa suna jiran amsa. A wannan zamani ne ya rubuta Tanbihul Ikhwan da Najmul Ikhwan, yana warware matsalolin da suka taso bayan nasara: yadda za a yi mulki da adalci, da yadda malamai za su yi saɓani ba tare da kafirta juna ba. A 1812 ya raba kula da daula gida biyu, yamma ga Abdullahi, gabas ga Bello, rabon da ya haifar da Gwandu da Sakkwato a matsayin cibiyoyi biyu. A ganina, wannan kaɗai ya isa a riƙa ambaton Sifawa tare da Degel da Gudu, ba a bar ta a gefe ba.

A 1815 Shehu ya koma Sakkwato, inda Allah Ya yi masa rasuwa a 1817. Da tashinsa daga Sifawa, taron ya bi shi, garin ya koma ga gona.

Mutanen yankin Fulani ne da Hausawa, Musulmi. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Bodinga mutum 175,406, kuma akasarinsu a ƙauyuka suke. Damina gajeriya ce, galibi daga Yuni zuwa Satumba, don haka manomi ba ya wasa da ruwan farko. Gero da dawa da wake su ne ƙashin bayan abinci, ana haɗawa da kiwon shanu da tumaki da awaki. Da kaka za ka ga jaki ɗauke da dammunan gero ya nufi gida, yara na biye, magidanci yana yaɓe bakin rumbu da laka kafin a zuba. Idan rani ya kama, masu fadama su koma kan albasa da tattasai, samari da yawa kuma su ɗaure kaya su tafi ci-rani, sai hadari ya fara haɗuwa a gabas su dawo sharar gona.