Iskar Masussuka: Daga Ingila zuwa Gidan Rumji

Kalmar Ingilishi "winnow" ta samo asali ne daga "wind", wato iska, kuma ma'anarta ta farko ita ce a bai wa iska hatsi domin ta raba tsaba da ƙaiƙayi. Faransawa na cewa "vanner", daga sunan faifan da Rumawa ke wannan aiki da shi. Mu kuwa shiƙa muke cewa.

Baturen Ingila na yau bai cika haɗuwa da kalmar a gona ba. Ya fi jinta wajen tace 'yan takara ko ware gaskiya daga ƙarya. Dalilin haka yana cikin tarihi. A 1737 wani manomi a Sikotilan, Andrew Rodger, ya ƙera injin fifita hatsi, har wasu limaman coci suka soki abin, wai iskar Shaiɗan ce. Wajen 1786 Andrew Meikle ya fito da injin sussuka, kuma a 1830 'yan ƙodagon kudancin Ingila suka yi ta farfasa irinsa saboda ya raba su da abin yi a lokacin sanyi. Inji ya yi rinjaye, kalmar ta zama ta aro.

A Agiye, Gazawa da Gidan Rumji kuwa, gero da zangarniyarsa ake ɗaure shi dami-dami a ajiye a rumbu, ana fitarwa kaɗan-kaɗan. Saboda haka aikin ya zama na yau da kullum, kuma na mata, su ne suka raɗa wa kowane mataki suna. Sussuka a turmi. Shiƙa da ƙwarya, inda mace ke karanta alƙiblar iska. Surfe mai fitar da dusa. Bakace da faifai, wanda ba ya jiran iska. Sannan daka da tankaɗe. Shiƙa da bakace duk "vanner" ɗalibi zai fassara su, alhali uwarsa ba ta taɓa rikita su ba. Ko karin maganar nan, ƙaiƙayi koma kan masheƙiya, sai wanda ya san juyin iska a masussuka ke jin zurfinta.

Injin sussuka ya iso karkararmu, kuma ba mai hankalin da zai yi wa mata baƙin cikin hutu. Amma ya kamata malamai da ƙungiyoyin al'adu su zauna da tsofaffin matan Tibiri da Cadawa, su rubuta waɗannan kalmomi daga bakin masu su.