Tarihin Gano Cutar Ƙonewar Ganyen Shinkafa

Noman shinkafa a fadamun ƙasar Sakkwato ya girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. A kwarin Rima da fadamun da ke kudu da birnin, wajen Bodinga da Shagari, an daɗe ana shuka jar shinkafar gida, wadda masana ke kira Oryza glaberrima. Daga baya ne irin Asiya, Oryza sativa, ya mamaye gonaki, musamman bayan da madatsun ruwa irin su Bakolori da Goronyo da ta Shagari suka faɗaɗa noman rani. Cikin cututtukan da ke addabar wannan noma akwai wadda ke sa ganye ya bushe daga tsininsa ya gangaro ta gefe, har gona ta yi kamar an bi ta da wuta.

Mai haddasa ta bakteriya ce da ido ba ya gani. Tana shiga ta ƙananan ƙofofin da ke bakin ganye ko ta rauni, ta bi jijiyoyin ruwa na shuka ta toshe su. Da sassafe akan ga ɗigon ruwa rawaya a jikin ganyen da ya kamu. Iska da ruwan sama da ruwan ban-ruwa su ke kai ta gona-gona, yawan takin yuriya kuma yana ƙara mata ƙarfi.

Manoman Fukuoka a Japan ne suka fara lura da cutar a 1884, aka ɗauka tsamin ƙasa ne. A 1922 wani masani mai suna Ishiyama ya raɗa wa ƙwayar suna Pseudomonas oryzae. A 1939 masanin Ingila Dowson ya ware bakteriyoyin shuka masu launin rawaya a dangi guda, Xanthomonas, daga kalmar Girkanci mai nufin rawaya, daga baya aka mayar da ita can. A 1978 aka haɗa ta da ƙwayoyi da dama ƙarƙashin Xanthomonas campestris, don a zahiri ba a iya bambanta su sai ta shukar da kowace ke kamawa. Da aka fara kwatanta ƙwayoyin gado, sai a 1990 aka tabbatar da cewa ita jinsi ce mai zaman kanta, aka kira ta Xanthomonas oryzae pv. oryzae. 

A Afirka ta Yamma an fara ba da rahotonta a Mali a 1979, sannan aka same ta a Sanagal da Nijar da Najeriya. Da farko an zaci daga Asiya ta shigo tare da sabon iri. Binciken ƙwayoyin gado da aka buga a 2007 ya nuna ta Afirka zuriya ce dabam da ta Asiya. Ma'anar wannan ga manomi ita ce, irin da ya jure cutar a Filifin ko Indiya ba lallai ya jure ta a Sakkwato ba, sai an gwada shi da ƙwayar gida. Irin wannan gwaji aikin cibiyoyi ne kamar AfricaRice da Cibiyar Binciken Hatsi ta Badeggi, wadda ke fitar da irin FARO.

Wata babbar kariya kuma daga wannan yankin na Afirka ta fito. Shinkafar daji, Oryza longistaminata, wadda ke tsirowa a fadamun Sahel manoma na cire ta a matsayin ciyawa, ita ce tushen ƙwayar gadon juriya da ake kira Xa21. Daga samfurin da aka ɗauko a Mali aka shigar da ita cikin shinkafar noma a cibiyar IRRI ta Filifin, a 1995 kuma Pamela Ronald da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka ware ta.

A 2019 cutar ta ɓarke a Morogoro ta Tanzaniya, bincike ya nuna zuriyar Asiya ce. Saboda haka hanyoyin kariya a yau su ne tantance iri kafin ya tsallaka iyaka, shuka iri mai juriya, cire ragowar kara da shinkafar daji a bakin kwami, da rage yuriya idan alama ta bayyana.