Dogon da Kakanninmu Suka Shimfiɗa: Daga Baro Zuwa Likoro da Gimi

A ɗakin kakana akwai wata tsohuwar adaka da ba a barin yara su taɓa. Bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, aka buɗe ta, aka tarar da hular aiki da ta koɗe, da usur, da takardar fansho ta reluwe. Kowa a gidan ya san cewa shi ma'aikacin dogo ne, kuma mahaifinsa yana cikin samarin da aka ɗiba daga ƙasar Kudan zuwa aikin diga. Iyakar abin da muka sani ke nan. Neman cikon labarin ne ya kai ni ga tarihin ma'aikatar da ta ci ƙarfinsu ta kuma ciyar da su.

Asalin maganar daga ruwa ta faro. Da Turawa suka ci ƙasar Arewa a 1903, babbar damuwarsu ita ce yadda za su fitar da amfanin gona zuwa teku, musamman auduga, wadda masaƙun Lankasha a Ingila ke tsananin buƙata. Gwamna Lugga ya daɗe yana son a ja dogo daga bakin kogin Kwara zuwa Kano, amma bai samu ba har ya tafi. Wanda ya gaje shi a 1907, Sa Percy Girouard, mutumin Kanada ne kuma injiniyan soja da ya riga ya yi suna wajen shimfiɗa dogo a hamadar Sudan. A shekarar nan gwamnatin Ingila ta amince da aikin, aka danƙa shi a hannun John Eaglesome, shugaban ma'aikatar ayyuka ta Arewa. Aka zaɓi Baro, wani ɗan ƙauye a ƙasar Nufe, ya zama mafari, domin nan ne jiragen ruwa ke iya kaiwa idan kogi ya cika.

Sai mai karatu ya tsaya ya auna wannan. Kowane ƙarfen dogo, kowane ƙusa, kowane kan jirgi da tarago, a Birtaniya aka ƙera shi, aka ɗora a jirgin ruwa, aka ratso teku, aka shigo kogi. Kuma ba kullum ake iya shigowa ba, sai cikin 'yan watannin da ruwa ke tumbatsa a ƙarshen damina. Wanda ya makara sai baɗi. A haka aka riƙa tara kaya a gaɓar Baro, daga nan aka fara turo dogo arewa, ta Minna, ta kogin Kaduna, nisan mil sama da 350, faɗin tsakanin ƙarfe da ƙarfe ƙafa uku da rabi.

Sunayen Girouard da Eaglesome suna cikin littattafai, kuma sun cancanta, don sun yi aiki mai arha da sauri wanda aka daɗe ana misali da shi. Amma ba su suka ɗauki kwando ba. Babu katafila a lokacin. Da diga da shebur da kwandon ƙasa a ka aka fasa tuddai, aka cike kwaruruka. Joji yakan faɗa wa Sarki yawan mutanen da ake so, Sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya shiga gida gida. Mutum ya yi makonninsa, a sallame shi, wani ya maye. An sha wuya, gaskiya ne, an bar gonaki, a ƙasar Gwari ma har an zub da jini a 1909. Sai dai ana biyan leburori da tsabar kuɗin Bature, kuma da yawa daga mutanenmu a nan suka fara riƙe sule da sisi a maimakon wuri. Sarkin Zazzau na lokacin, Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920, malami ne kuma mawaƙi, har ya tsara Waƙar Diga a kan wannan aiki. Ke nan abin ya girgiza ƙasar Zazzau tun daga fada har ƙauye.

Dogo ya iso Zariya a farkon 1911, ya isa Kano a ƙarshen watan Maris na shekarar. Tsakanin garuruwan biyu kusan mil 90 ne, kuma ta cikin ƙasarmu aka bi, ta Likoro a yankin Kudan, ta Gimi a yankin Maƙarfi. A wannan zangon na ƙarshe ne hannun ma'aikata ya faɗa sosai har aka shimfiɗa mil shida da rabi a yini guda. Duk sanda na karanta wannan adadi sai in ga kakan mahaifina a cikin ƙurar hunturu, tsakanin ɗaruruwan 'yan'uwansa, suna ɗaga ƙarfe da baki ɗaya. A 1912 aka buɗe hanyar ga jama'a, aka haɗa ta da dogon Ikko a Minna, ma'aikatun biyu suka zama ɗaya, Reluwen Nijeriya.

Bature ya ja dogo don auduga, har kamfanin Bisije ya kafa injin gurza a Zariya. Manomin Kano kuwa ya yi lissafinsa ya ga gyaɗa ta fi riba, kuma idan ciniki ya ƙi ana iya cinye ta. Tun kakar 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano har taragu suka kasa. Daga nan aka samu dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Mu a arewacin Zazzau mun ci moriyar biyun, ga auduga ga gyaɗa. Jakuna da takarkarai daga ƙauyukan Ikara da Maƙarfi sukan yi jerin gwano zuwa tasha da kaka, kantunan Turawa da na 'yan kasuwa suna awo, masu abinci suna kafa rumfuna. Ƙauyen da jirgi ke tsayawa ya zama gari.

Zariya ita ce ta fi kowa samu, don ta zama mararraba. Daga nan aka ja ƙaramin dogon da ya hau tudun Jos domin kuza, wanda ya yi aiki har 1957. Daga nan kuma aka ja na Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Sabon Garin Zariya kansa ɗan reluwe ne, an kafa shi saboda ma'aikata da 'yan kasuwar da jirgi ya kawo. A lokon reluwe, a wancan zamani, ake wanke kawunan jiragen gawayi, a gyara su, a ɗura musu ruwa. Nan yaran ƙauye suka koyi ƙira irin ta zamani da walda da kanikanci.

Zamanin da kakana ya yi aiki, daga shekarun 1950 zuwa tsakiyar na 1960, shi ne ganiyar reluwe, kuma tsofaffi ba sa gajiya da ba da labarinsa. A 1955 aka mayar da ma'aikatar hukuma mai cin gashin kanta, a shekarar kuma kawunan jirgi masu shan gas suka fara shigowa. A 1964 dogo ya kai Maiduguri, kuma a wannan shekara jirgin ƙasa ya ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Da kukan jirgi mata ke sanin lokacin ɗora tukunya. Ɗan makaranta mai zuwa Zariya, da almajiri mai tafiya gabas, da falke mai kai mazarƙwaila kudu ya dawo da goro, duk tarago ɗaya. Ma'aikacin reluwe kuwa, albashinsa ba ya makara, gida yana da shi a kwatas, kuma in ya nemi aure ba a yi masa dogon bincike.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Yaƙin basasa ya raba ma'aikatar da ƙwararrun ma'aikata da yawa, kuɗin fetur ya karkatar da hankalin gwamnati zuwa kwalta da tireloli, farin shekarun 1970 da cutar gyaɗa suka rushe dala. Jirgin da babu kayan ɗauka ba laifinsa ba ne idan ya tsaya. Don farfaɗo da ma'aikatar an kawo Indiyawa a 1979, an kawo 'yan Sin a 1995, an sake buɗe hanyar Ikko zuwa Kano a ƙarshen 2012. Sabon dogo mai faɗi ya haɗa Abuja da Kaduna a 2016, aka kuma aza harsashin na Kaduna zuwa Kano a 2021.

Na je gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, na buɗe fayilolin Lardin Zazzau da fatan in ga sunan kakan mahaifina. Abin da na tarar shi ne lissafi: gunduma kaza ta kawo mutum kaza. Sunayen suna can a bakin tsofaffinmu, su kuwa kullum raguwa suke yi. Wannan ya tuna mini da birnin Dundee na ƙasar Sikotland. A can aka ƙera jirgin ruwan Discovery a 1901, wanda ya kai Kyaftin Scott da mutanensa yankin ƙanƙara na ƙarshen kudancin duniya. A 1986 mutanen garin suka dawo da jirginsu gida, suka gina masa gidan tarihi a bakin ruwa, jikokin kafintoci da maƙera suna zuwa su ga aikin hannun kakanninsu. Shekara goma kacal ke tsakanin jirginsu da dogonmu.

Kuma namu bai zama kayan kallo ba tukuna, yana da sauran aiki. Raken Maƙarfi da Kudan, da tumatir da barkonon Ikara, da masarar da ake lodi kowace ranar kasuwa, yau duk a bayan mota suke tafiya, kuɗin mai ya cinye riba, tumatir ya ruɓe a hanya. Kaya masu nauyi irin waɗannan domin su aka yi tarago.

Ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan, da hakimanmu, da wakilanmu a majalisa, su tsaya tsayin daka a gyara tashoshin Likoro da Gimi, a hana masu sare ƙarfen dogo suna sayarwa, a kuma ware ɗaki ko da guda ne inda za a tara hotuna da takardun tsofaffin ma'aikata. Kai kuma mai karatu, idan akwai tsohon ɗan reluwe a gidanku ko a unguwarku, je ka gaishe shi a wannan makon, ka tafi da takarda da alƙalami, ka rubuta sunansa da na mahaifinsa da tashar da ya yi aiki.