Tarihin Dandamalin Wasan Kwaikwayo da Kwamfuta Ke Zanawa

Tun fil azal masu wasan kwaikwayo ke neman dabarar da za su nuna wa 'yan kallo abin da babu shi a kan dandamali. A shekarar 1862 John Henry Pepper ya nuna wata fatalwa a birnin Landan. Asirin kuwa shi ne wani faffaɗan gilashi da aka karkata, wanda ke ɗauko surar ɗan wasan da aka ɓoye aka haska da fitila. A 1958 kuma, a bajekolin duniya na Burasal, Alfréd Radok da Josef Svoboda na ƙasar Cekosulobakiya suka haɗa majigi da 'yan wasa a dandamali guda, suka kira abin Laterna Magika. Sai dai hoton majigi ba ya jiran kowa. Tilas ɗan wasa ya bi saurinsa sau da ƙafa, in ya makara da taki ɗaya wasa ya ɓaci.

Maganin wannan matsala daga wasannin kwamfuta ya fito. A 1998 kamfanin Epic Games na Amurka ya fitar da wasan Unreal, tare da manhajar da ke tafiyar da shi, watau Unreal Engine. Hoto ɗaya na fim ɗin kwamfuta yakan ci sa'o'i kafin ya kammala, amma injin wasa dole ne ya zana hotuna 30 ko 60 a kowace daƙiƙa, domin bai san inda mai wasa zai juya ba. Wannan saurin amsawa shi ne abin da dandamali ya daɗe yana nema.

A 2016 ƙungiyar Royal Shakespeare Company ta Ingila, tare da Intel da Imaginarium Studios, ta gabatar da The Tempest. Mark Quartley, wanda ya fito a matsayin aljani Ariel, ya sa riga mai na'urorin auna motsi, duk inda ya motsa sai surar aljanin ta motsa nan take a gaban jama'a. A 2019 kuma aka fara nuna The Mandalorian, wanda Industrial Light & Magic ya gina wa katangar allunan haske mai tsawon ƙafa 20, ta kewaye 'yan wasa da digiri 270. Idan kyamara ta gusa, injin ya sake zana hamada ko dutse daidai da inda take kallo, hasken katangar kuma ya sauka a jikin 'yan wasa kamar na gaske.

Da haka al'amari ya juya: hoto ya koma bin ɗan wasa. Amma abin ya zo da nasa nauyi. Aikin da a da ake yi bayan ɗaukar fim yanzu sai an gama shi tun kafin a fara, kuma wani kaso na aikin kafintoci da masu fenti ya koma hannun masu zane da kwamfuta. Har wa yau, ma'aikacin da ke zaune gaban na'ura yana sauya rana da hadari a lokacin wasa ya zama ɗaya daga cikin 'yan wasan, ko da yake 'yan kallo ba sa ganinsa, kuskurensa kuwa a bainar jama'a yake faruwa.