Taƙaitaccen tarihin gidan rawar CBGB

CBGB wani ɗan ƙaramin gidan rawa ne da ya yi zamani a unguwar Bowery ta birnin New York a Amurka, wanda ake yi wa kallon mahaifar kiɗan punk.

Hilly Kristal ne ya buɗe shi a watan Disambar 1973, lokacin da unguwar ta yi ƙaurin suna wajen talauci da shaye-shaye.

Sharaɗinsa ga makaɗa shi ne kowa ya zo da waƙar da ya ƙirƙira da kansa, lamarin da ya buɗe ƙofa ga matasan da kamfanonin faifai ba su san da zamansu ba.

A nan ne ƙungiyar Ramones ta fara tashe a 1974, da gajerun waƙoƙi masu sauri da amon jita. Haka su ma Blondie da Talking Heads.

Sai dai taƙaddama kan kuɗin haya ta sa aka rufe gidan a watan Oktobar 2006, inda mawaƙiya Patti Smith ta yi wasan bankwana.

Kristal ya mutu a 2007, kana a 2008 wurin ya koma kantin sayar da tufafi.