Ɗakin Sujada a Cikin Duwatsu

Mu da muke ta tara kuɗin bulo da kwano, bari mu ji labarin Soar y Mynydd, wani ƙaramin ɗakin sujada a cikin duwatsun ƙasar Wales, a Birtaniya. A 1822 aka gina shi domin makiyayan tumaki, masu bi da suka rabu da cocin gwamnati, suna sujada da harshensu. A irin waɗannan ɗakuna farkawar 1904 ta bazu, wajen mutum 100,000 suka tuba.

Yau doka ta kare ginin, ba mai taɓa fasalinsa sai da izini. Amma makiyayan sun watse, yawancin gidajensu sun zama kufai. Sai lokacin zafi ake sujada a ciki, baƙi daga nesa ne ke cika kujerun.